Maganin Makka da Hanjin Inna

Dutsin-Ma,
Jihar Katsina.

Zuwa ga Yayata Azumi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da Alhaji da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a zamanku na Jidda. Mu nan sai godiya. Gero ya yi kyau bana a ƙauyenmu Ɗantutture, matar ɗan'uwanmu Ja'afar kuma ta sauka lafiya, an sami 'ya mace. Na zaɓi in rubuto ta hannun Hajiya Khadijat da za ta zo Umara, don in a waya ne kuka za ki sa mini tun ban kai ƙarshen zance ba.

Yaya, ba zan manta ranar da Juwairiyya, ƙanwar maigidana, ta raka ni gaida Inna ba. Ita ce wadda ke karatun haɗa magunguna a jami'a, ta zo hutu. Mun tarar da Inna tana dafa bango kafin ta kai inda take alwala. Ta ce tafin ƙafarta kamar kiyashi na yawo a ciki, harshenta ya yi ja ko yaji ba ta iya lasa, har ta riƙa kirana da sunanki. Duk da haka sai da ta buɗe kwallarta ta nuna mana kwalaben bitamin da kike aiko mata, tana alfahari, ta ce da zamzam take haɗiye su ba fashi. Kawu Tukur kuwa ya riga ya yanke cewa ciwon da ya gagari maganin Makka ba na asibiti ba ne, sai rubutu da hayaƙi. Kin san ni da karance-karance. Tun a hanya na gama tsara labarin a kaina, da maƙiyiya, da layar da aka binne a bakin ƙofa, da ni jarumar da za ta tono ta kowa ya yi ta kuka. Ashe Juwairiyya ba ƙofa take kallo ba. Da Inna ta zo gyara zane sai ta hango tabon ɗinkin nan na cikinta, ta tambaya. Inna ta ce ai na tiyatar taifot ne, shekarun baya, lokacin da aka yanke mata wani yanki na hanji.

A mota muna dawowa ta yi mini bayani, na sa ta maimaita har ya zauna mini. Ta ce haɗiye ƙwaya daban, shigarta jini daban. Ƙaramin hanji ne ke tsotse bitamin, kuma ba hanya ɗaya suke bi ba. Masu narkewa a ruwa, irin su C da yawancin dangin B, tun daga farkon hanjin suke wucewa cikin jini. Su A da D da E da K kuwa sai da maiƙo a abinci da ruwan maɗaciya, shi ya sa ake son a sha su bayan an ci abin da ke da ɗan mai. Amma akwai B12, wanda jini da jijiyoyi ba sa zama lafiya sai da shi. Shi sai tumbi ya haɗa shi da wani sinadari da zai yi masa rakiya, kamar amarya da ƙawarta, kuma ƙofa ɗaya ce ke karɓarsa, can ƙarshen ƙaramin hanji. Wurin nan ne taifot ya fi ɓulawa, shi ne kuma ake yankewa. Na ce to me ya sa Inna ta yi shekaru garau bayan aikin? Ta ce hanta na ajiye shi kamar rumbu, sai rumbun ya ƙare ake ganewa. Ta kuma ja mini kunne cewa ita ɗaliba ce, zato take yi, likita ne zai tabbatar.

Na lallaɓa Inna muka je asibiti aka ɗibi jininta, zancen ya fito haka. Likita ya ce ɗan abin da ke shiga daga ƙwayoyin nan bai kai ya riƙe ta ba, allura take buƙata, da farko a jere, daga baya jefi-jefi har iyakar rayuwa. Ya ce in aka ƙara jinkiri ƙafafun na iya tafiya ba su dawo ba, ko da jinin ya cika. Kada ki ce kin yi laifi, Yaya. Da zuciya ɗaya kika aiko, dukanmu ruwa muke ɗiba da kwando ba mu sani ba, rashin sani kuwa ya fi dare duhu. Sai dai ki dakata da aikowa, in kina so ki sa mata atamfa a madadinsu.

Inda gizo ke saƙar shi ne zama. Zirga-zirga daga ƙauye a bayan babur ba za ta yiwu da waɗannan ƙafafun ba, gidana kuwa asibiti na nan kusa. Inna ta rantse ko da rarrafe za ta ƙare ba za ta kwana a gidan suruki ba, wai ta yaya za ta ci tuwo yana jin motsin kwanonta. Kawu ya ce ni 'yar littafi ce, ina so in sa uwata abin faɗa a gari. Na russuna na ce masa Allah ya huci zuciyarsa, kunya ado ce, amma ba ita za ta riƙa kai Inna bayan gida ba. Bai dai hana ba. Maigidana Malam Hadi da ya ji, shi da kansa ya ce zai tattara ya koma ɗakin ƙanensa Bilya a bayan kasuwa har a gama alluran farko, yana dariya wai an kore shi daga gidansa cikin ladabi. Ya ce ko gaisuwa daga zaure zai riƙa aikowa. Da aka gaya wa Inna ta rufe fuska da mayafi, ta ce yaron nan zai kashe ta da nauyi. Ban ji ta sake rantsuwa ba. Ki kira ta ki ƙarfafa mata guiwa, maganarki ta fi tawa shiga kunnenta, hannu ɗaya kuma ba ya ɗaukar jinka.

Ki gaida Alhaji da kyau, ki shafa mini kan Suhaib da Nana Hadiza. Juwairiyya da Ja'afar da mai jego duk suna gaishe ki. Ki sa Inna a addu'a in kin je Harami. Ni dai na gama shawara. Ranar Asabar zan ɗauki mota in je Ɗantutture in taho da Inna, a ɗakina za ta zauna har a gama.

Wassalam. Taki ƙanwa,
Yahanasu.