Muryar Gimbiya da Tawa

Litinin, 3 ga Maris
Gimbiya, magen gidan nan, ta buɗe baki za ta yi kukan neman abinci, sai wani ƙiii ya fito kamar tsohuwar ƙofa. Injiniya ya ajiye cokali. Mijin nawa, da ko gobara ba ta tayar da shi daga kan karin kumallo, ya durƙusa a kicin yana cewa, "Sake yi in ji, 'yar gidana."

Ni kwanana goma sha ɗaya da dishewar murya. Ɗalibai ɗari biyu, lasifikar ajin ta mutu. Ba wanda ya durƙusa.

Talata, 4 ga Maris
Ya kira sau uku daga ofis. "Ta ci? Ta yi magana?" Na ce ta gabatar da ƙasida ma. Bai yi dariya ba.

Laraba, 5 ga Maris
Ya san ba ta cin abincinta da sanyi. Ni kuwa shayin da yake haɗa mini da safe, tun makon jiya ya koma wani iri, ga yaji-yaji, ga zaƙi mai nauyi. Shekara tara da aure, an manta yadda nake shan shayi. Ina shanyewa, ba na cewa komai. Ina so in ga ranar da zai lura da kansa.

Alhamis, 6 ga Maris
Da digirina biyu, ina kishin dabba mai kilo huɗu.

Asabar, 8 ga Maris
Asibitin dabbobi. Shi ya rungumi kwandon da Gimbiya ke ciki, ni aka bar wa makullin mota. Likitar ta haska maƙogwaronta, ta ce mura ce ta kumbura shi. Abinci mai laushi, a nisanta ta da hayaƙi da turare, in ta fara numfashi da ƙyar a dawo da ita nan take. Na tambaya kwana nawa za ta ɗauka. Likitar ta ɗago ta dube ni.

"Madam, ai taki muryar ta fi tata jin jiki. Tun yaushe?"

Kafin in buɗe baki Injiniya ya ce, "Tun ashirin ga watan jiya, ranar Alhamis." Ko juyowa bai yi ba, yana shafa kunnen Gimbiya. "Ina sa mata citta da zuma a shayi. In na ce ta je asibiti, lacca za ta yi mini, muryar ta ƙarasa mutuwa. Wannan aƙalla tana shiga kwando."

Likitar ta yi dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

Na duba kalanda a mota. Ashirin ce. Alhamis.

Litinin, 10 ga Maris
Gimbiya ta yi kukan "miyau" da safe, rabi dai. Injiniya ya tafa kamar an ci kofi.

Ina da ganin likita ranar Laraba. Don ɗalibai, ba don kowa ba.

Shayin har yanzu ba daɗi. Na ce ya ƙara mini.