Ki Zo Ki Karɓi Hannun Hagu Kafin Ki Tashi Ailan

Zuwa ga Mariatu uwar Nasser, sanyin idona, inuwar gawo a tsakiyar rani, ruwan randa ga wanda ya kwaso rana, tauraruwar da nake gani har a garin nan da fitilu suka kore taurari.

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san ban taɓa taka ƙofar lakwal, makarantar boko, ba, baƙaƙen nan ke kika koya mini su a teburin kicin, in sun karkace sai a tambayi malamar. A kan cinya nake rubutu, a gefen teburin sana'ata na titin Burnside, tsakanin huluna da laimomi, jirgin ƙasa mai lamba huɗu yana wucewa ta gadar bisa kaina yana girgiza mini biro. Matar abokina Hambali za ta kawo miki har unguwar Soundview, gidan ƙawarki Adisa, inda kika ce kin tafi don ki samu shiru ki yi karatun jarrabawa. An gama jarrabawa, Mariatu. Shirun ne bai ishe ki ba?

Kada ki ɗauka gafara na zo nema. Abin da na faɗa ranar da kika ce jami'a za ta tura ki ƙasar Ailan zangon karatu guda, cewa ban yarda ba, yana nan inda na ajiye shi. Mace mai jika ta ɗauki jaka ta koma aji, na yi shiru. Aka ce ga karatun jinya mai amfani, kika ce a'a, sai harsunan Seltik, na mutanen Ailan da Wels, waɗanda ko masu su sai an roƙe su suke yi. Kika haɗa da ilimin Turanci, ba don ki iya ba, kin riga kin iya, sai don ki feɗe shi kamar rago ki ga kayan cikinsa. Nan ma na yi shiru. Kika riƙa tsayawa gaban madubi da baki buɗe kina duba inda harshe yake sauka, miya tana ƙonewa. Sannan kika ajiye waya kusa da kwanona kika naɗi Turancina, wai aikin aji! Turancin da na tsinta a titi, cikin sanyi, shi aka kai wa yara su saurara. Kin ce ba su yi dariya ba, malamarku ma cewa ta yi yana da tsarinsa. Ni dai har yau ban yarda ba.

A masallaci Hambali ya ce mini, “Issoufou, an ce matarka yaren aljanun ruwa take karantawa?” Na ce masa ko aljanun ne, ta fi shi jin abin da suke cewa, shi da ko huɗubar liman ba ya kai ƙarshenta ido biyu. Kin gani? A gida ina faɗa da ke, a waje ina faɗa saboda ke.

Amma ke, furen tumfafiyar da ke fitowa inda ba wanda ya yi ban-ruwa, ke da muryarki take sauka a kunnena kamar yayyafin farko a kan rairayi, na san daga inda abin ya kama ki. Tsohuwar nan 'yar Ailan ta unguwar Woodlawn da kika yi wa aikin kula. Da tsufa ya ci ƙarfinta, Turanci ya zube mata kaf, ya rage harshen da uwarta ta yi mata rarrashi da shi. Tana neman ruwa, 'ya'yan cikinta suna tsaye suna kallon juna. Ke, 'yar Maradi, kika zauna kina tsintar kalmominta ɗaya bayan ɗaya har kika gane ƙishirwarta. Da ta rasu kika ce mini, “Alhaji, ina so in ga yadda babban harshe yake haɗiye ƙarami, don abin nan a kan tabarmarmu ake yin sa.” Na ce kin cika tsawaita magana. Da yamma na tambayi Nasser ko ya ci abinci, ya amsa mini da Turanci.

To, ga abin da yake hana ni sukuni, tunda sai na faɗa. Ni ma na kama hanyar tsohuwar nan. Jiya na so in tallata wa wata safar hannu, sunan abin da Turanci ya ɓace mini, na tsaya ina nuni kamar baƙon da ya sauka yau. Ran da sauran ya zube, ya rage Hausar da aka haife ni cikinta, wa zai ji ni in na ce ruwa? Nasser zai kalli matarsa, ita kuma ta kalli jikanmu. Ke kaɗai ce, Mariatu. Kuma an ce ƙasar can kore ce shar, ga teku, ga tsofaffi a ƙauye masu zuba miki harshen da kike ƙauna, ga malamai masu cewa ɗalibi mai ƙwazo ya ƙara shekara. Me zai dawo da ke wurin tsoho mai mita da teburin huluna?

Kin tuna safiyar da zan baro Maradi? A bakin ƙofar ɗakinmu, kafin in fita tasha, na miƙa miki dama, kika maƙe, kika ba ni hagu. Kika ce haka kakanninmu suke sallamar mai doguwar tafiya: a bar gaisuwar a karkace, don dole a sake haɗuwa a gyara ta. Shekarun da na yi ni kaɗai a garin nan, hannun nan na hagu yana mini nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Ran da kika sauka filin jirgi, ga jama'a, ga kunya, kika zuro damarki ta ƙarƙashin mayafi ba wanda ya gani. Wallahi ko ruwan Zamzam bai fi tafin nan sanyi a zuciyata ba!

Ban ce tafiyar ta yi mini daɗi ba, kuma ba zan ce ba. Amma ki je. Ki je ki ji yadda suke riƙe nasu kada ya mutu, ki kawo mana dabarar. Na ware miki laima, ba irin ta tebur da iska ke juyawa ba, mai ƙarfen kirki, tunda an ce can ruwa ba ya jin bari. Abu ɗaya nake roƙo: kada ki wuce daga gidan Adisa zuwa jirgi. Ki biyo ta Burnside ki karɓi hannuna na hagu. Damar zan ci tuwo da ita, zan gaisa da mutanen masallaci, amma akwai gaisuwa guda a cikinta da ba mai taɓawa sai ke.

In kuwa kika ce taurin kai za ki gwada, ki tuna wurin wa kika koya. Ranar Asabar da za ki tashi, ko da yake ranar ciniki ce, zan naɗe tebur in bi ki har filin jirgi, in tsaya da hagu a miƙe gaban kowa, har sai kin karɓa.

Naki tun daga ƙofar ɗakin nan na Maradi, naki har ran da za a juya ni gabas,

Issoufou