Baba, Daularmu Ta Faɗi Ranar Gayya

Assalamu alaikum Baba, tare da fatan kabari ya yi maka sanyi.

Na rubuto ne in shaida maka karatun da kake mana a zaure a Gummi ya tabbata a kanmu. Kakan ce malaman tarihi na da sun gano mulki ba ya kafuwa sai da zumunci, irin na mutanen da wahala ta haɗa. Sai ka ƙara da naka: "Daula daji aka haihuwatta, birni taka mutuwa. Kaka shi gina, jika shi rushe yana hamma." Mu kuwa muna ƙunshe dariya, muna cewa wannan zancen sarakunan Bagadaza ne.

To, bana Yaya Sani ya ce a raba gandunka na Nasarawa Burkullu, kowa ya sayar wa masu haƙar zinariya. Na ƙi. Na kira gayya, wai in nuna masa har yanzu jininka muke.

Baba, da ka ga rundunarka! Yaya ya zo da shadda da lema. Autanka ya riƙe fartanya kamar an ba shi jaririn wani. Kafin a sari ƙasa sai da muka kafa kwamiti, aka yi rigima kan wa zai zama shugaba. Ni da na kira taron, kunya ɗaya na nome, bayana ya ce a gai da gida.

Muna ƙarƙashin tsamiya muna fifita sai ga Bawa, maƙwabcinka na gona, da 'ya'yansa da ƙannensa. Ba wanda ya kira su. Suka shiga layi, suka nome gonar tas, suka zauna suka sha fura a ƙwarya guda.

Yaya ya daɗe yana kallonsu, ya ce ba za a sayar ba, a ba Bawa aro. Gandunka yana nan ɗungurungum, Baba, amma ba hannunmu ke cikinsa ba. Na yi murna, na kuma yi kuka a kan babur har gida. Na yi kewarka ƙwarai.

Allah ya jiƙanka, ya haɗa ka da Inna a Aljanna. Ya kuma jinkirta wa jikokin Bawa sanin daɗin fanka.

Ɗanka mai ciwon baya,
Lawali