Rumbun da muryar Umma take ciki

Zuwa ga ƙanena, Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka da takwarar Umma. Allah ya raya mana ita, ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan lafiya lau muke, sai ƙafar Baba da takan tashi lokaci-lokaci, kuma har yau ya ƙi riƙe sanda, wai shi ba tsoho ba ne. Yara suna makaranta, ɗinki kuma ana taɓawa.

Na rubuto ne maimakon in kira, don na san in na ji muryarka ba zan iya kai maganar ƙarshe ba. Zancen rumbun ajiyar nan na kwamfuta ne, baƙin nan ɗan daidai tafin hannu da ka bar mini ranar tafiyarka, mai bidiyon marigayiya Umma a ciki, inda take zaune a ƙofar kicin tana yi maka faɗa ka kawar da waya daga fuskarta, tana yi tana dariya. Ka ce in turo maka don ka nuna wa yarinyar nan kakarta tunda ta fara wayo. Auta, ba zan iya turowa ba, ga kuma yadda aka yi.

Kwanakin baya na ɗauko shi na jona a kwamfutar Baban yara. 'Yar fitilarsa ta kawo, na ji yana ɗan motsi a hannuna, amma kwamfutar ta yi kamar ba ta san an yi baƙo ba. Na cire, na hure ramin, na mayar. Na canja rami, na kashe na kunna, shiru. Sai na naɗe shi da kebul ɗinsa na kai wa mai gyaran da ke layinmu. Ya jona a tasa kwamfutar da wannan kebul ɗin dai da na kai, ita ma ba ta gan shi ba. Ya kara shi a kunne kamar mai zaɓen kankana, ya ce ya mutu, sai haƙuri. Na sha kukana a hanya. Da na dawo na jefa shi cikin kwalin tarkacen da ke bayan ƙofa don ba na son ganinsa, na yi ta jan ƙafa wajen gaya maka. Ana nan Baban yara ya yi kwalima, mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo wucewa, ya haɗa masa kwalin gaba ɗaya. Kebul ɗin kuwa na adana shi a aljihun keken ɗinki, wai ko zai yi amfani wata rana.

Makon jiya wata mai kawo mini ɗinki ta zo gida da nata rumbun, za ta nuna mini hotunan rigunan da take so, ta manta kebul. Na ce kar ta damu, ina da shi. Muka jona, fitila ta kawo, kwamfuta ba ta ga komai ba. Ta rantse da safen nan ta yi aiki da shi. Na aro wani kebul a maƙwabta, muna jonawa sai ga hotunanta sun fito tar. Ban tsaya sallamarta ba na zari mayafi na koma wurin mai gyara. Ya gwada kebul ɗinmu, ya sosa ƙeya, ya ce wayoyin da ke kai wuta lafiyarsu ƙalau, shi ya sa fitila ke kawowa, masu ɗauko abin da ke ciki ne suka tsinke. Ya ce da alama rumbun bai taɓa samun matsala ba, kuma da ya canja kebul ranar nan da an wuce wurin. Ni ma ban yi tunanin hakan ba.

Na bi sawun mai ƙarafan har filin da suke tara kaya. Mutumin kirki ne, ya bar aikinsa ya taya ni tonon tarkace, har hannuna ya yi baƙi ƙirin. Daga ƙarshe ya gaya mini gaskiya, irin waɗannan ba sa kwana, fasa su suke yi su cire mayen ƙarfen ciki, sauran kuma mota ta kwashe tuni. Ya ɗauko wani mayen ƙarfe daga cikin gwangwani ya ba ni, ya ce ba zai rantse na namu ne ba. Yana nan manne a jikin kekena yana riƙe mini allurai. Abin da ya fi ci mini rai, lalataccen na lallaɓa na adana, mai lafiyar kuma muka zubar.

Ka yi haƙuri, Auta, ka yafe mini. Ka gaida maiɗakinka, ka shafa mini kan yarinya. Baba da Gwaggo da Baban yara duk suna gaishe ku, kuma Baba bai sani ba tukuna. Kullum kana tsokanata wai faɗana da dariyata sak na Umma. Ranar da ka huce, ka kira ni ka miƙa wa takwararta wayar, in yi mata faɗa kaɗan ta ji. Abin da ya rage mana ke nan.

Taka har kullum,
Yayarka