Kalmar Minaral da Sunan Mahaifina

Zuwa ga:
Mai Girma Sufeton Ƙungiyoyin Manoma,
Dapaong.

Daga:
Izzuddeen Wahabu,
Unguwar Komah, Sokodé.

Litinin, 1 ga Fabrairu, 1993.

Game da: Farar giyar Koperatif ɗin Manoman Inabi na Tudun Tsakuwa da aka sayar wa Malam Wahabu da sunan minaral

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina gabatar da ƙorafi a madadin mahaifina, Malam Wahabu, wanda ya yi shekara goma sha tara yana na'ibin limami a masallacin layinmu. Bai san na rubuto ba.

1. Tun da aka shiga yajin aiki a watan Nuwamba, lemon kwalba ya daina zuwa daga Lome. Ita ma giyar koperatif ɗin, wadda na ji an ce ta manyan otal ce, ta rasa hanyar kudu, aka sauke ta a Sokodé a hannun dillalinsu, Karim.

2. Ranar Asabar, 9 ga Janairu, mahaifina ya shiga kasuwa neman abin sha na sunan jikansa, ɗan yayata Munira. Ya tambayi Karim ko akwai minaral. Karim ya ɗora yatsa a kan kalmar a jikin kwalba, ya ba shi akwati biyu. Duk wanda ya tashi a zango, unguwar Hausawa, ya san minaral lemo ne. Karim a zango ya tashi.

3. Washegari da safe, bayan an raɗa suna, mahaifina ya buɗe kwalbar farko a gaban malamai. Ya yi bisimilla, ya sha, ya miƙa wa liman. Da suka ji tsami suka ɗauka lemon ne ya daɗe a ajiye. Ni kaɗai ke karanta Faransanci a gidanmu, mahaifina ne ya kai ni lise, makarantar sakandare, da kansa, ranar kuwa ina wajen zanga-zanga. Da na dawo na karanta musu takardar da ke jikin kwalbar, aka gane giya ce, an riga an sha kwalba bakwai. Wannan kason laifin nawa ne, na ɗauka. Sauran ba nawa ba ne.

4. Tun ranar ba a sake ba shi salla ba. Iyaye sun janye ɗalibai goma sha ɗaya daga makarantar allonsa. Yanzu a sahun ƙarshe yake tsayawa, wajen takalma, ba tare da wani ya ce ya koma can ba. A layi yara na kiransa Malam Minaral.

5. Ranar Alhamis, 21 ga Janairu, na zo ofishin koperatif ɗin a Dapaong. Sakatarensu, Mushe Fuseini, ya yi mini darasi: wai minaral na nufin ɗanɗanon duwatsun da inabin ya tsira a kai, wai abin alfahari ne ga manomansu saba'in. Ya ƙara da cewa ƙasa na cikin rikici, mai kawo ƙara yanzu ɗan adawa ne. Ranka ya daɗe, ni ɗan adawa ne, ban ɓoye ba. Mahaifina ko rediyo ba ya saurara.

Ba ni da rigima da manoman. Su yi giyarsu, masu sha su sha. Diyya ma ba na so. Abin da nake roƙo cikin ladabi shi ne ofishinka ya umarci Karim ya tsaya a ƙofar masallacinmu ranar Juma'a, 19 ga Fabrairu, kafin azumi ya kama, ya faɗa da bakinsa abin da aka tambaye shi da abin da ya bayar. Sannan a rubuta GIYA da ajami a jikin kowace kwalbar da za ta shiga kasuwar Sokodé.

Mahaifina ya ce ya yafe. Ni ban yafe ba. Kwalaben bakwai suna ɗakina, ban wanke su ba. In ranar ta wuce shiru, zan jera su a ƙofar ofishinka, in zauna kusa da su ina karanta wa duk mai wucewa takardar da ke jikinsu, da Hausa.

Allah ya ƙara wa Sufeto girma da lafiya.

Naka cikin biyayya,
Izzuddeen Wahabu
ɗan Na'ibin Liman, Komah