Ƙwan Ƙanwata

Talata, 7 ga Fabrairu

Jakunkunan ƙwan haihuwa biyu kacal jikina ya ba ni, bayan allurar da na sha har cikina ya yi shuɗi. Da suka zuƙo su a asibiti, ɗaya wayam babu komai, ɗayan kuma ƙwan bai nuna ba. Likita ta ce karo na uku ke nan muna gwada dashen ciki, ita ba za ta ba ni shawarar na huɗu ba. "Ƙwayayenki sun ƙare, Rinske, kuma ba laifinki ba ne." Haka ta faɗa, ko kwana ba ta yi ba. Mijina Douwe ya miƙe ya yi mata godiya. Godiyar me, oho.

A keke muka dawo, iska tana tura mu baya, mijina a gaba ina kallon ƙeyarsa ina jin haushinta.

Alhamis, 16 ga Fabrairu

Kamar da gayya, darasin da manhaja ta kawo ni ke nan yau. Na tsaya gaban 'yan aji huɗu ina zuba kamar rediyo: wai 'ya mace tun tana cikin uwarta aka gama yi mata ƙwayayenta, miliyoyi, kafin a haife ta yawancinsu sun mutu. Sauran su kwanta barci shekara da shekaru, rabuwar da kowane ƙwai yake yi gida biyu ta tsaya a tsakiya. In ta balaga, kowane wata wasu su farka su fara girma, ɗaya ya tsere wa saura, sauran su bushe. Ba a ƙarawa, ragewa kawai ake yi.

Wata mai baki a kujerar baya ta ɗaga hannu, wai to Malama ke nawa suka rage miki? Aji ya kwashe da dariya. Ni ma na yi, me zan yi?

A ɗakin malamai kuma malamin lissafi ya kawo busasshen biredi da barbaɗen alewa mai ruwan hoda, kamar yadda ake yi a nan in an yi haihuwa, matarsa ta haifi mace. Na ci, don in ba ka ci ba sai an tambaye ka dalili. 

Lahadi, 5 ga Maris

Mem ta cika saba'in. Uwata ba ta sauya komai: kujeru a zagaye a falo, kofi, kek yanka ɗaya-ɗaya, duk wanda ya shigo ya bi da'irar da hannu yana taya kowa murna. Kawu Sipke da matarsa, maƙwabta biyu, 'yan ƙungiyar waƙar Mem, mu kusan ashirin gwiwa na gugar gwiwa. Ba inda mutum zai ɓuya a wannan zama.

Sai ga Imke da garkenta. Ƙanwata ba ta shiga wuri, sai dai ta faɗo. 'Ya'ya uku, gashi a warwatse, kumatu jajur. Ta zauna, ta karɓi kofi, aka yi shiru irin na tsakanin hira da hira, sai ta ɗaga murya daga can ɗaya gefen:

"Rins, na yi magana da asibiti. Ni na gama haihuwa, nawa suna nan suna lalacewa a banza. Ki karɓa kawai."

Kawu Sipke ya tambaya me za a karɓa. Ta ce ƙwai. Ya ce na kaji? Ta yi masa bayani dalla-dalla, har da maniyyin Douwe da kwanon da za a haɗa su. Ɗaya daga cikin 'yan waƙa ta ce kai, wannan dabara ce mai kyau. Mem ta share ido da adiko. Aka shiga tafka muhawara a kan cikina kamar ana maganar gyaran rufin coci, kowa da ra'ayinsa, ni ina riƙe da faranti.

Shekara huɗu ina ɓoye wannan abin. Ta tona min asiri tsakanin kofi na farko da na biyu, kuma na rantse a ranta kyauta ta ba ni.

Litinin, 6 ga Maris

A banza. Wai nata suna lalacewa a banza.

Asabar, 18 ga Maris

Ban ɗauki wayarta ba har yau. Bari in faɗa a nan tunda ba mai gani: hassada nake yi mata, kuma ba yau na fara ba. Ni na yi karatu, ni na bar taba, ni nake cin ganye kamar akuya. Ita ta bar makaranta ta kama aski, ta sha giya son ranta, a haihuwarta ta farko ma ba ta san tana da ciki ba sai da wando ya ƙi rufuwa. Ciki ɗaya ya ɗauke mu. Me Mem ta ci lokacin nata da ba ta ci ba lokacin nawa?

Abin da ya fi ci min rai fuskar Douwe ce ranar. Na gan shi. Kafin ya sunkuyar da kai, fuskar ta yi haske.

Laraba, 12 ga Afrilu

Ta zo har makaranta, ta jingina kekenta a kan nawa don kada in gudu. Ta ce asibitin ba ya karɓar mai bayarwa in ta cika talatin da shida, kuma ita a Nuwamba za ta cika, gwaje-gwaje kuma wata da watanni suke ci. In ina so in yi fushi, in yi, amma in yi shi da sauri.

Na ce mata a gaban mutum ashirin? Ta buɗe ido, wai ai duk dangi ne, kuma da ta same ni ni kaɗai da na ce a'a kafin ta rufe baki. Wannan kam gaskiya ne, shi ya sa ya ƙara min haushi.

Na ce to. Ban ce na gode ba, ita ma ba ta jira ba, ta hau kekenta tana cewa akwai wadda ke jiran ta yi mata gyaran gashi.

Juma'a, 2 ga Yuni

An yi mata hoton ciki, na raka ta. Goma sha tara. Nas tana ƙirgawa tana murmushi, 'yan jakunkuna baƙaƙe cunkus kowane gefe. Imke ta ce wai ita kamar wake take gani, ta tambaya ko da yawa ne. Ko sanin darajarsu ba ta yi ba.

Matar da ke tattaunawa da masu irin wannan shiri ta tambaye ni yaya zan ji in yaron ya yi kama da ƙanwata. Na ce ba komai. Ta rubuta. Ƙarya nake yi, kullum da ita nake kwana: in tura keken jariri a kasuwar Leeuwarden, wata ta leƙa ta ce kai, Imke sak.

Litinin, 11 ga Satumba

An fara. Ni ƙwayoyi nake sha don mahaifa ta shirya, ita allura kowace yamma don duk jakunkunan da suka farka su girma tare, kada ɗaya ya danne saura. Sai ga shi gwanar tamu tsoron allura take yi. Mijinta Harmen yana jirgin ruwa sai ƙarshen wata. Ta kira ni tana haki, wai ta zauna da abin a hannu har abincin yara ya ƙone.

Na je. A nan kam na fi ta. Na fito da maganin daga firji, na murza kan allurar, na ce ɗage riga. Cikinta duk zane-zanen haihuwa, fata ta saki. Ta ce in daina kallo, ta san ya lalace. Da za a sayar min da wannan lalacewar da na saya.

Alhamis, 14 ga Satumba

Douwe ya kai mata miyar wake tukunya guda. Jiya ya gyara mata ƙofar rumfa, yau ya kai yaranta iyo. Ni da na yi karo uku, furanni ya kawo min sau ɗaya, su ma na gidan mai. Da na yi magana ya ce haba Rinske, don mu fa take yi. Na sani. Sanin ne yake kashe ni.

Nan da 'yan kwanaki za a sa nasa da nata a kwano ɗaya a rufe ƙofa, ni ina waje a kan benci.

Asabar, 16 ga Satumba

Yau na caka mata da ƙarfi. Na san yadda ake yi ba zafi, a tsuke fata, a shiga a hankali. Ban yi haka ba. Ta yi ƙara, jini ya ɗan fito.

Ta dube ni ta ce, "Da gangan kika yi."

Na ce hannuna ne ya goce.

"Ƙarya kike. Ba komai, gobe ki yi a ɗaya gefen, nan ya gaji."

Ta sauke riga ta tafi juya dankali. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Laraba, 20 ga Satumba

Sun girma, goma sha ɗaya sun kai girman da ake so. Cikinta ya kumbura, tafiya take yi kamar mai ɗauke da kwano cike da ruwa, ta rufe shago kwana biyu. Ta yi amai a motata, ta ba ni haƙuri. Yau aka yi allurar ƙarshe, wadda ke tashin ƙwan ya ƙarasa rabuwar da ta tsaya tun kafin a haife ta. A hankali na yi mata. Ba don komai ba, wurin duk ya yi tabo.

Juma'a, 22 ga Satumba

Tara suka samu. Ta sha wuya, ina jin nishinta ta bayan ƙofa. Da aka fito da ita fuskarta fari fat, babu jan kumatun nan. Douwe ya tafi ɗauko mota, muka rage mu biyu a bayan labule.

Na zaci za ta fara surutu. Sai ta kama kuka, ba sauti. Na ce zafi ne? Ta girgiza kai.

"Tsoro nake ji, Rins. Kada in ga yaron a hannunki in kasa. Ke za ki ji motsinsa, ke zai kira Mem. Ni anti ce mai aski, in zo da kyauta in koma gida. Tun yanzu kishinki nake yi, kuma ƙwan ko haɗuwa da na Douwe ba su yi ba."

Na ce to me ya sa kika yi?

Ta ce, "Don ke ce mana. Wawuya."

 Wata bakwai ina lissafin abin da take da shi, ko sau ɗaya ban tsaya na duba abin da za a cire mata ba. Na ba ta ruwa, na taya ta sa takalmi don ba ta iya sunkuyawa.

Asabar, 23 ga Satumba

Shida ne suka nuna, huɗu suka kama da aka haɗa su da na Douwe. Ita na fara kira kafin Douwe, don dai lambarta ce a sama.

Litinin, 25 ga Satumba

Biyu sun daina girma. Saura biyu. Na kasa cin abinci. Imke ta turo saƙo wai ta ba ni haƙuri, da ta san haka da ta bar giya tun tana yarinya. Na rubuta mata kada ta ƙara faɗin wannan shirmen, haka suke yi ko na wace ce, ni na sani.

Laraba, 27 ga Satumba

Ɗaya ya rage. Likita ta ce mai kyau ne, yau za a dasa.

Mu uku muka je, Imke ta ce ita a mota za ta jira, ba wurinta ba ne. Na ce ta shigo ta zauna a benci, mota da sanyi. Da nas ta leƙo ta ce mutum ɗaya ne zai iya shiga da ni, Douwe ya miƙe yana gyara riga. Sai na ji bakina yana cewa ya zauna. Ya dube ni, ya dubi Imke, ya koma ya zauna. Ba wani abu ba ne, dama shi warin asibiti yana sa shi jiri.

Kafin a sa, sun nuna mana shi a allo. Ɗan ƙwallo ne mai ruwan toka, ba ya kama da kowa. Imke ta matsa kusa har numfashinta ya taɓa gilashin, ta daɗe tana kallo. Ta ce masa a hankali, "To, je ka wajen uwarka. Ka yi mata biyayya, tana da faɗa."

Likita ta ce an gama, sai a jira mako biyu, kuma kada mu sa rai da yawa. Nas ta ce zan iya tashi. Na ce ina zuwa. Ta sake cewa, tana dariya, wai sai na saki hannun 'yar'uwata tukuna, yatsunta sun yi fari.

Har yanzu ta fi ni gashi, kuma har yanzu bakinta ba birki. Gobe zan je in wanke mata kaya, likita ta hana ta ɗaga nauyi.