Ba Zan Gina Ɗakin Jinya Babu Taga Ba

Malam, ka taimake ni da shawara, kwana biyar ke nan ban ɗora tubali ba. Ni magini ne a Gure. An ba ni ginin sabon gidan likita, aka sa wani Aisami ya kula da aikin. Shi ɗaki guda yake so, gajere, rufin kwano, ƙofa ɗaya, a gama kafin damina. Na ce ba da hannuna ba.

Tsohon ɗakin jinyar ma haka yake. Bara na kai ƙanena Ibram can da gyambo a ƙafa, aka kwantar da shi gefen mai tari. Ƙafa ta warke, tari ya bi shi gida. Bai yi shuka ba, bai ga girbi ba. Yanzu 'ya'yansa uku suna gidana, gonarsa ta koma saura.

Ni katanga mai kauri nake so, rufi mai tsawo da azarar goriba daga kwarinmu, tagogi suna kallon juna, ɗakin masu tari daban, salga nesa da rijiya. Aisami ya ce ɓarnar tubali da kwanaki ce, kuma akwai magina a Gidigir. To, ya kira su! Sai dai matata A'i ta daina yi mini magana, ta ce rumbunmu ba zai kai damina ba. Shin taurin kai nake yi?

Magini, Gure

Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Ibram. Gaskiyarka kan ginin, amma ka yi kuskure da ka ajiye aiki. In ka tafi, wani zai gina ɗakin da kake gudu. Aisami ma ba mugu ba ne, akwai wanda zai tambaye shi in ruwa ya sauka babu rufi. A'i kuwa ita ke kallon rumbu kullum.

Ka daina yi masa ihu, ka nuna masa inda riba take. Kwano daga nesa raƙuma za su ɗauko, ƙasa da goriba suna ƙofarku. Zafi yana ɓata magani. Manomin da ya warke cikin mako guda zai riski shuka, ya ciyar da gidansa, makiyayin da ya zo daga yankin Alakos kuwa ba zai yarda ya kwana inda iska ba ta shiga ba, sai ciwo ya ci ƙarfinsa.

Da azahar ka kai Aisami da malamin jinya tsohon ɗakin, ka rufe ƙofa, sannan ku koma zauren gidanka na ginin ƙasa. Jikinsu zai ba su labari. Ka yarda a bar ado da shafe sai kaka, ka yi alkawarin rufi kafin ruwa. Amma taga da ɗakin masu tari, kada ka ja da baya ko taku ɗaya.

Gobe da safe ka kwaɓa ƙasa. Allah ya yi wa hannunka albarka, ya raya marayun nan.